AIKIN SA-KAI DA KAFA ƘANANAN SANA'O'I A KARKARA: BAYANI GA AL'UMMAR DAMRI DA KEWAYE

Gabatarwa

Sau da yawa mukan sami tambaya daga wajen dagatai da masu unguwanni da kansiloli, da kuma shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa na ƙananan hukumomin Bakura da Talata Mafara da Maradun, cewa ta wace hanya ce ƙauye zai bi ya sami baƙi daga ƙasashen waje waɗanda za su zo su koya wa 'ya'yansa sana'a, su kuma kafa masa wata 'yar masana'anta da zai riƙa samun abin masarufi da ita. Masu wannan tambaya sun ji labari a rediyo, ko kuwa sun gani da idonsu a wasu jihohi, yadda wani baƙo ya zo ya zauna shekara ɗaya ko biyu, ya tara mata ko samari ya koya masu ɗinki ko haɗa sabulu ko gyaran inji.

Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wannan bayani domin amfanin jama'ar mazaɓar Damri da sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda alhakin karɓar irin waɗannan baƙi yake rataye a wuyansu. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, baƙo yana iya kawo sana'a gari, amma ba ya iya zaunar da ita. Sana'ar da take rayuwa bayan tafiyarsa ita ce wadda aka gina a kan kayan da gari yake da su, da kasuwar da gari yake ci, da kuma kuɗin da mutanen gari suka tara da kansu.

Me ake nufi da aikin sa-kai?

Ya kamata mu fara da share wani ruɗani. A nan Jihar Zamfara da zarar an ce 'yan sa-kai, hankalin jama'a yakan tafi wajen masu ɗaukar makami da sunan tsaron gari. Ba su muke nufi a nan ba. Mai aikin sa-kai da muke magana a kansa shi ne mutumin da yake da wani ilimi ko wata sana'a, ya bar garinsu ko ƙasarsu bisa raɗin kansa, ya tafi wani wuri domin ya amfanar da mutanen wurin, ba tare da an biya shi cikakken albashin da ya cancanta ba. Abin da akan ba shi bai wuce kuɗin abinci da masauki da na mota ba, kuma ƙungiya ko gwamnatin da ta turo shi ita ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi.

Irin wannan mutum ba ɗan kwangila ba ne, kuma ba attajiri ba ne da ya zo rabon kuɗi. Abin da ya kawo yana cikin kansa da hannunsa, sannan zamansa yana da wa'adi. Garin da ya fahimci haka tun ranar farko shi ne yake cin moriyar zuwansa.

Taƙaitaccen tarihi

Tsarin tura masu aikin sa-kai zuwa ƙasashen waje ya bunƙasa ne a daidai lokacin da ƙasashen Afirka suke karɓar mulkin kansu. A shekarar 1958 wani Bature ɗan Ingila mai suna Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da ƙungiyar ta fara tura mutanenta. A 1961 Shugaban Amurka John Kennedy ya kafa hukumar Peace Corps, wadda ta yi aiki a Nijeriya daga 1961 zuwa 1976, ta sake dawowa daga 1992 zuwa 1995. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar kuwa hukumar ta zauna tun daga 1962 har zuwa watan Janairu na 2011, lokacin da ta kwashe mutanenta saboda taɓarɓarewar tsaro. Dattawanmu da suka yi makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai a shekarun 1960 suna iya tuna irin waɗannan baƙi, domin da yawansu koyarwa suka yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta kafa nata shirin a 1970, daga baya ta keɓe ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara domin tunawa da masu wannan aiki.

Har ila yau, tsakanin 2003 da 2007 ƙwararru kimanin 500 daga ƙasar Sin sun yi aiki a jihohin Nijeriya a ƙarƙashin wani shiri na Gwamnatin Tarayya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda suka koyar da dabarun noman rani da kiwon kifi da gina ƙananan madatsun ruwa.

Nijeriya ba karɓa kawai take yi ba, ita ma tana bayarwa. A 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana Ministan Harkokin Waje, aka kafa shirin TAC, wanda yake tura likitoci da malamai da injiniyoyi da masana aikin gona 'yan Nijeriya zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da na tekun Pasifik, su yi aikin shekara biyu su dawo. A cikin gida kuma muna da hukumar masu yi wa ƙasa hidima, wato NYSC, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ta kuma shigo da shirin koyar da sana'o'i ga matasan da ke hidimar a 2012.

Darasin da ke ƙofar gidanmu

Kafin mu leƙa nesa, bari mu dubi abin da ke gabanmu. Madatsar ruwa ta Bakolori ba aikin sa-kai ba ce, babban aikin gwamnati ne wanda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978, da nufin shayar da gonaki kimanin hekta 23,000. Amma tarihinta yana ɗauke da darasi ga duk wanda zai kawo sabon abu karkara. Kashi mafi girma na gonakin an tsara shayar da su ne da na'urorin feshin ruwa, waɗanda suke bukatar wutar lantarki da kayan gyara daga waje. Da wuta ta yi ƙaranci, kayan gyara kuma suka yi wuyar samu, sai wannan ɓangare ya durƙushe, aka bar manoma da ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai. Haka kuma rashin jituwa a kan filaye da biyan diyya ya haifar da rikicin 1980 wanda aka yi asarar rayuka a cikinsa. An sake duba aikin ne a ƙarƙashin shirin TRIMING na Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, inda aka ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa muhimmanci wajen kula da magudanai.

Idan har babban aiki irin wannan zai iya samun tangarɗa saboda kayan gyara da rashin tuntuɓar masu wuri, to ina ga 'yar masana'antar ƙauye wadda mutum ɗaya ya kafa ya tafi?

Darasin ginin tukwane na Suleja

A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani gwanin ginin tukwane ɗan Ingila mai suna Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin Abuja na wancan lokaci, wanda a yanzu ake kira Suleja. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne ya ga tukwanen wata mata mai suna Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko da ta shiga, ta haɗa zanen gargajiya da ta gada da sabuwar dabarar gasa tukwane da wuta mai tsananin zafi da shafa masu abin ƙyalli. Ta yi suna har Turai da Amurka, kuma hotonta ne yake bayan takardar naira 20.

To amma akwai ɗaya gefen labarin. Kayan da cibiyar take yi sun yi wa talaka tsada, mafi yawan masu sayensu Turawa ne da manyan ma'aikata da masu tara kayan tarihi. Matan ƙauye sun ci gaba da sayen randa da tulu da tukunyar da suka saba, domin su ne suke sanyaya ruwa, su ne kuma suke jure wutar murhu. Cardew ya bar aikin a 1965, kuma a shekarun baya cibiyar ta yi ta fama da koma-baya. A nan mun ga cewa baƙon ya yi dace da ya nemo gwanar da ke gari ya ɗaukaka ta, amma kasuwar kayan tana nesa da inda ake yin su, don haka sana'ar ba ta bazu cikin ƙauyuka ba.

Darussa biyu daga Maraɗi

Misalan da suka fi kusa da halinmu suna Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wadda take iyaka da jiharmu, kuma harshenmu da abincinmu da yanayin gonakinmu duk ɗaya ne.

Na farko shi ne tsarin Mata Masu Dubara. A 1991 wata ma'aikaciyar ƙungiyar CARE 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes ta zauna da matan ƙauyukan Maraɗi, ta lura cewa suna da sana'o'insu na gida, abin da suka rasa shi ne jari. Ba ta kawo masu kuɗi daga waje ba. Ta ɗauki adashen da iyayenmu mata suka sani tun kaka da kakanni, aka yi masa gyara. Mata kimanin 20 zuwa 30 sukan haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka amince a kai, a sa cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mata uku daban-daban, ta yadda ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wadda take bukatar jari sai a ranta mata daga cikin akwatin ta biya bayan ɗan lokaci, a ƙarshen shekara kuma a raba abin da ya taru gwargwadon zubin kowa. Wannan tsari ya bazu a faɗin Nijar, ya tsallaka zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har ya dawo nan Arewacin Nijeriya. Dalilin ɗorewarsa a fili yake: kuɗin na matan ne, akwatin nasu ne, dokokin kuma su suka tsara.

Domin a ga ƙarfin abin, mu yi ɗan lissafi na misali. Idan mata 25 suka riƙa zuba naira 500 kowace a mako, za su tara naira 12,500 a mako guda, a cikin mako 50 kuma naira 625,000. Wannan ya isa a ranta wa wasu daga cikinsu kuɗin sayen gyaɗa ko shinkafa shanshera a lokacin kaka da kaya suke da araha. Muna jan hankalin duk ƙungiyar da za ta ɗauki wannan tsari da ta zauna da malaman garinsu tun farko, a tsara shi ta hanyar da babu kuɗin ruwa a ciki, kamar rance ba ƙari, ko haɗa jari a raba riba da asara. An yi irin wannan gyara a wasu ƙasashen Musulmi kuma tsarin ya tafi daidai.

Na biyu shi ne sassaben zamani. Wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya yi ta fama da dashen itatuwa amma mafi yawansu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara tofon tsofaffin kututtura ne waɗanda saiwoyinsu suke raye a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya fara shawartar manoma su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran. Aikin ba ya bukatar komai sai wuƙa ko gatarin da manomi yake da shi. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, magidanta kuma suka sami itacen girki da na sayarwa da ganyen dabbobi. Mutumin ya bar Nijar tun tuni, amma dabarar tana nan, manomi yana koya wa manomi.

Waɗannan baƙi biyu ba su zo da inji ko gini ba. Sun zauna sun saurara, suka gano abin da yake hannun mutane, suka ɗan gyara shi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Waɗanne sana'o'i ne suka dace da yankinmu?

Allah Ya albarkaci wannan yanki da noman damina da na rani. Ana samun shinkafa da masara da gero da dawa da wake da gyaɗa da dankali da tumatir da albasa, ga kifi daga tafkin Bakolori da gulbi, ga kuma dabbobi. Babbar asarar manominmu ita ce yakan sayar da amfaninsa ɗanye a lokacin da kasuwa ta cika, wani can ya sarrafa ya ci ribar. Saboda haka sana'ar da ta fi cancanta a nema ita ce wadda take ƙara wa waɗannan kaya daraja, ko take hidima ga masu noma su. Daga ciki akwai:

1. Turara shinkafa da busar da ita a kan tabarma ko leda mai tsabta, da casarta ta fito ba tsakuwa. Matanmu sun iya wannan aiki, abin da ake bukata shi ne gyaran tukunyar turare da rage cin itace.

2. Matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli, tare da koyon zaɓar gyaɗa a fitar da wadda ta yi fumfuna, domin tana da illa ga lafiya.

3. Busar da tumatir da tattasai a kan gado maimakon shanya su a ƙasa, ta yadda kauɗar za ta fito ja ba rairayi.

4. Bandar kifi a murhun da ba ya cin itace da yawa.

5. Gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa da babur, da walda. Manomin da injinsa ya tsaya a tsakiyar rani ya san abin da kwana uku ba ruwa yake yi wa shuka.

6. Haɗa kayan wuta mai amfani da hasken rana da gyaransu, da cajin waya.

Kafin a zaɓi ko wacce, sai a aika mutum biyu ko uku kasuwar Talata Mafara da ta Bakura da sauran kasuwannin mako, su tambayi farashi, su ga su wa ke saye, nawa suke saye, kuma daga ina kayan da ake sayarwa yanzu suke zuwa. An sha ganin inda aka yaye mata 30 a ɗinki a ƙauyen da teloli biyu suka ishe shi, ƙarshenta aka sayar da kekunan.

Akwai kuma batun lafiya. Ba mu manta da abin da ya faru a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ba, inda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ya jawo gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta kawo ɗauki. Duk sana'ar da ta ƙunshi sinadari, kamar haɗa sabulu da rini da gyaran batir, wajibi ne a koyar da haɗarinta tare da ita, a kuma nisanta ta daga inda yara suke wasa.

Abubuwan da za a daidaita kafin a fara

Muna shawartar iyayenmu sarakuna da hakimai da jami'an ƙananan hukumomi da su tabbatar da waɗannan abubuwa a duk lokacin da wani mutum ko wata ƙungiya ta zo da tayin kafa sana'a:

Na ɗaya, a san ko wane ne. Ya gabatar da takardar ƙungiyar da ta turo shi da shaidar rajistarta. Idan ɗan ƙasar waje ne, ya kasance yana da izinin Hukumar Shige da Fice, kuma ya biyo ta hannun Gwamnatin Jiha da ƙaramar hukuma da masarauta. Jama'a su yi hattara da masu yawo suna karɓar kuɗin fom da sunan wata ƙungiyar waje za ta kawo tallafi. Mai aikin sa-kai na gaskiya ba ya sayar da fom.

Na biyu, a tambayi mutanen gari abin da suke so, maza daban mata daban, kuma mata su sami mace wadda za ta saurare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, a haɗa baƙon da ɗan gari ɗaya ko biyu tun ranar farko, waɗanda za su riƙa binsa a kowane mataki, kuma su ne za su gaje shi. Ya fi kyau a zaɓo su daga cikin masu sana'ar da ke gari, maƙeri ko bakanike ko mai yin ƙuli-ƙuli, don kada sabon aikin ya zama kishiyar tsohon.

Na huɗu, kada a karɓi injin da ba a samun kayan gyaransa a Talata Mafara ko Gusau ko Sakkwato ko Kano, komai kyansa.

Na biyar, a rubuta yarjejeniya da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a. Ta bayyana mai filin da aka yi rumfa a kai, da mai injin bayan baƙo ya tafi, da yadda za a raba riba, da wanda zai riƙe littafin shiga da fitar kuɗi. Yawancin rigimar da ke kashe irin waɗannan ayyuka daga nan take tasowa, inda shugaban ƙungiya ko mai filin yakan wayi gari ya ce kayan nasa ne.

Na shida, masu koyo su sa wani abu nasu, ko kuɗi kaɗan, ko aikin ƙarfi, ko kayan gini. Abin da aka samu a ɓagas ba a cika tattalinsa ba.

Na bakwai, a riƙa ware wani kaso na cinikin kowane mako domin gyara da sayen sabon inji idan wannan ya tsufa. Ƙungiyar da take rabe dukkan cinikinta, ranar da bel ya tsinke ranar take rufewa.

Na takwas, a yi wa ƙungiyar rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai a ofishin da ke kula da haka, a buɗe mata asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya. Idan sana'ar ta girma har ana ƙulla abinci a leda ko kwalba domin kai wa birane, sai a nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Halin da muke ciki, da waɗanda za mu dogara da su

Wajibi ne mu gaya wa jama'a gaskiya. Matsalar tsaro da ta addabi jiharmu ta sa gwamnatocin ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka suna gargaɗin 'yan ƙasarsu da kada su shigo Zamfara, kuma ƙungiyoyin da suke aiki a nan sun fi mayar da hankali ga lafiya da abinci da taimakon 'yan gudun hijira, da ma'aikata 'yan ƙasa. Mutanen Damri ba su bukatar a ba su labari, domin harin da aka kai a watan Mayu na 2022 a Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe ya ci rayukan mutane da dama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Garin da ya zauna jiran Bature ya zo ya kafa masa masana'anta a wannan hali zai daɗe yana jira, alhali kuwa yanzu ne aka fi bukatar sana'a, saboda akwai matan da suka rasa mazajensu, da marayu, da samarin da gonakinsu na nesa ba su nomuwa.

Masu aikin sa-kai da za mu iya samu a yau suna kusa da mu. Akwai malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da na kwalejin aikin gona da ke Bakura. Akwai 'ya'yan yankin da suke aiki ko sana'a a Gusau da Kano da Kaduna da Legas da ƙasashen waje, waɗanda za su iya ba da mako biyu na hutunsu, ko su ɗauki yaro ɗaya ya koyi aiki a wajensu. Akwai ma'aikatan da suka yi ritaya. Akwai kuma matan da suka riga suka ga yadda ake gudanar da asusun Mata Masu Dubara a wasu garuruwa. Inda zuwa ƙauye yake da haɗari, ana iya zaɓen mutum uku ko huɗu a kawo su hedikwatar ƙaramar hukuma su koya, su koma su koyar da sauran. Bugu da ƙari, ƙananan hukumomi suna iya tuntuɓar ofisoshin Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda ta fara aiki a 1987, da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan masana'antu, wadda aka kafa a 2003, domin jin shirye-shiryen horaswa da suke da su.

Haka nan ya kamata a yi la'akari da tsaro wajen zaɓen sana'ar kanta. A wannan lokaci ƙananan kayan aiki da za a iya ɗauka a babur, da sana'ar da za a yi a cikin gida, sun fi babban inji da aka kafe a bayan gari. Kuɗin ƙungiya kuma kada a bar su su taru a akwati, a riƙa rantar da su ko a kai banki, kuma kada a riƙa shelar adadinsu.

Kammalawa

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su zauna da jama'arsu su rubuta sana'o'in da ake yi a garinsu, da sunayen gwanayen kowace, da kayan da suke lalacewa ko ake sayarwa da araha a lokacin kaka. Muna kuma kira ga sassan aikin gona da na ci gaban al'umma na ƙananan hukumomin Bakura da Talata Mafara da Maradun da su tattara waɗannan bayanai su adana. Garin da yake da wannan takarda, da ƙungiya mai rajista, da ɗan asusun da ya tara da kansa, ya riga ya fara aikin, kuma duk ranar da mai taimako ya zo, daga Gusau ne ko daga bayan teku, zai tarar da inda zai ɗora.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu, amin.